Muhallin Baba Sitaci

Duk unguwar Baba Sitaci ake ce masa, har matarsa ma idan ya ba ta haushi. Rigunansa ne suka jawo masa sunan. Shekara talatin da biyu yana wanki da guga, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da rigar da ta kwanta a jikinsa. Kullum tsaye suke ƙiƙam, sun sha sitaci sun ƙoshi, har abokansa kan tsokane shi cewa in ya tuɓe riga, ita kaɗai za ta iya zuwa kasuwa ta dawo. Shi kuwa ko a jikinsa.

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, kuma a gidan da ya gada daga kawun yake yin ta har yau: tsakar gida mai siminti, famfo ɗaya, baho uku, igiyoyin shanya biyar, da tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo. Dutsen gugarsa na gawayi ne, guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ɗaukar zafi. Karatu bai yi nisa ba. Yana iya haɗa baƙi in an rubuta da manyan haruffa kuma ba a tsaya masa a ka ba. Amma tabo, wannan kam karatunsa ne. Zai ɗaga rigarka ya gaya maka wannan man inji ne, wannan tsatsar ƙusa ce, wannan kuma ka jingina da bango mai sabon fenti kana zance. Kayan kowa da alamarsa, ɗan zare da yake ƙullawa a gefe: ja na ƙaramin asibitin bakin titi, kore na masaukin matafiya, shuɗi na malaman makaranta. Bai taɓa kai kayan wani gidan wani ba.

Matarsa, wadda yake kira Innar Auta, ita ke ninki. Shi ya goge ya miƙa, ita ta ninke ta jera. Shi ya yi ta zuba labari, ita ta yi ta gyara masa inda ya ƙara gishiri. Haka suka tsufa.

Shekara shida da suka wuce aka kafa wani kamfani a bayan katangarsu, a inda a da filin ƙwallo ne. Tsofaffin ƙarafa da batura ake narkawa a ciki. Bututun hayaƙinsa gajere ne, da kaɗan ya ɗara rufin gidajen unguwar. Ba a kafa irin wannan abu a unguwar masu furanni da mai gadi a ƙofa, sai a inda aka san mutane za su yi tari su yi shiru. Suka kuwa yi tarin, suka yi shirun.

Baba Sitaci ne ya fara gani, don farin kaya ba ya rufa wa kowa asiri. Zai shanya zannuwan gadon asibiti fes, ya juya ya hura gawayi, kafin ya dawo sun yi ɗigo-ɗigo da wani baƙin gari mai maiƙo. In ka kakkaɓe bai fita, in ka murza ya ja layi. Ya koyi wanki sau biyu. Ya koyi kallon hayaƙin kafin ya yi shanya, ya san ranar da iska za ta kwantar da shi a kan igiyoyinsa da ranar da za ta ɗan tausaya masa. Duk wannan bai dame shi sosai ba, aiki ne, shi kuma ba ya gudun aiki. Abin da ya ɗaga masa hankali shi ne numfashin Innar Auta. Tari ya fara mata kamar wasa, ya zo ya zama sai ta dafa tebur ta huta tsakanin zane da zane, ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Likita ya rubuta magani, ya cire abin jin ƙirji daga kunnensa, ya ce: "Baba, magani zai taimaka, amma sai kun canja mata muhalli."

Kalmar ta zauna masa a kai daram. Muhalli ai gida ne, wurin zama, kowa ya san wannan. To ina ya ga wani gida? Dole ya kai ta wurin 'yarsu Auta, wadda ke aure a unguwar kan tudu, bayan titin jirgin ƙasa. Can iska wasai take. Cikin mako uku tarin ya lafa. Sai dai ɗaki biyu ne gidan, Auta ga ciki, kuma Innar Auta ba ta sakewa a gidan suruki, ko ruwa za ta sha sai ta yi kamar ta nemi izini. Shi kuma a nan ya rasa mai gyara masa labari. A watan ne ya ƙona wuyan rigar wani malami, karo na farko a rayuwarsa. Ya tsaya yana kallon wurin ƙunar, kewa ta kama shi. Abu ɗaya yake so a duniya: shi da matarsa a ƙarƙashin rufi ɗaya, tana numfashi.

Ana nan sai ran nan da hantsi wata mota mai lasifika ta bi ta layinsu tana shela cewa duk mai matsalar muhalli ya zo makarantar firamare ranar Asabar da la'asar, masu fafutukar muhalli za su yi taro, kuma muhalli mai kyau haƙƙin kowa ne. Baba Sitaci ya ajiye dutsen guga ya ɗaga hannu ya gode wa Allah. Ashe gidaje za a raba.

Ranar Asabar ya saka rigar da ta fi kowacce tsayuwa, ya zuba hoton fasfo biyu da katin asibitin matarsa a aljihu, ya riga kowa zuwa. Da aka miƙo takardar rubuta suna ya sa aka rubuta shi a lamba ta ɗaya, ya kuma leƙa ya tabbatar. Aka zauna a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Mai jagorar taron wata malamar kimiyya ce, siririya, mai tabarau, wadda kowa ke kira Malama. Ta fara da sauyin yanayi. Ta yi maganar zafi da ke ƙaruwa, da ruwan sama da ya daina zuwa a kan lokaci, da wata ƙanƙara a ƙarshen duniya da ke narkewa. Baba Sitaci ya yi ta gyaɗa kai. A ransa ya ce haka masu ilimi suke, sai sun zagaya kafin su zo kan magana. Ya yi haƙuri har kusan awa guda, ba a ambaci ko tubali ɗaya ba. Da aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu, ya miƙe, rigarsa ta yi ƙara.

"Malama, Allah ya saka da alheri. Ni tambayata ɗaya ce. Muhallin nan, ɗaki nawa ne? Don mu biyu ne kawai, ɗaya ma ya ishe mu, in dai da wurin shanya."

Aka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga benci. Ya yi tsaye sototo da hoton fasfo a hannu, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malama ba ta yi dariyar ba, ko kuma ta haɗiye ta da kyau. Ta yi masa bayani cewa muhallin da suke nufi ba na gini ba ne, iska ce da ruwa da ƙasa da bishiyoyi, duk abin da ya kewaye mutum. Ya ce to, ya zauna. Bai gane ba. In iska muhalli ce, to da likita ya ce a canja wa matarsa muhalli, iskar zai canja? Da me? Kafin ya gama warware wannan sai wani saurayi ya tashi ya fara zagin masu amfani da gawayi, wai su ke cinye dazuzzuka suna ƙara wa duniya zafi. Baba Sitaci ya sha jinin jikinsa. Ya zo neman gida, ga shi ana neman a ɗora masa narkewar ƙanƙarar da bai taɓa gani ba. Ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

A bakin ƙofa Malama ta tare shi, ta tambaye shi me ya sa yake son barin gidansa. Ya ba ta labarin tarin, da zannuwan gado, da wanki sau biyu. Ya ga ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce shekara biyu suna kai kukan kamfanin nan wurin hukuma, ana ce musu su kawo hujja, na'urar auna iska kuwa ba su da ita, ba su san mai ita ba. Ta tambaye shi ko yana da tsofaffin fararen zannuwa da masu su suka yafe.

Haka Baba Sitaci ya shiga fafutuka, ba tare da ya san ya shiga ba. Ya yayyanka tsofaffin zannuwa gida arba'in, kowanne kamar faɗin ɗankwali. Aka rarrataye su a ƙofofin gidaje da tagogi, daga jikin katangar kamfanin har zuwa kan tudu. Shi ya ƙulla wa kowane layi zarensa, don ba ya yarda da rubutun biro a jikin yadi. Ɗaya ya rataye shi da hannunsa a igiyar Auta. Bayan mako guda aka tattaro aka kai masa ajiya, tunda an naɗa shi mai kula da hujja. Ya karɓi muƙamin da hannu biyu, duk da har lokacin a can ƙasan ransa yana zaton lamba ta ɗayan nan tana nan tana jiransa.

Ranar da za a je hukuma, Malama da mutum uku suka zo ɗaukar ƙyallayen. Ya fito musu da su a kan tire, baki har kunne. An wanke, an sa bula, an sa sitaci, an goge, an jera kamar takardun banki. Malama ta dafa bango. Saurayin nan mai zagin gawayi ya zauna a bakin baho ya riƙe kai.

"Baba, me ka yi?" in ji Malama.

"Me na yi kuwa? Ofishin hukuma za a shiga. Da ƙazamin kaya za a je a ce daga hannuna suka fito?"

Sai da aka yi masa bayani sau uku cewa dattin shi ne hujjar. Ya ji, amma zuciyarsa ba ta karɓa ba. Shekara talatin da biyu ana yabonsa don yana fitar da datti, yau ga masu ilimi sun kusa kuka don ya fitar. Aka sake ratayewa, aka sake jiran mako guda. Wannan karon Malama a gidanta ta ajiye su, wai don kada ta wahalar da shi. Ya gane, ya ji haushi.

A tsakanin nan wasu maƙwabta suka daina amsa gaisuwarsa sosai. 'Ya'yansu a kamfanin suke aiki, shi ne ma ke wanke musu kayan aikin. Wani ya aiko aka karɓe nasa ba a wanke ba, da saƙon cewa a gaya wa Baba in an rufe kamfanin shi zai ciyar da su. Wannan ya ƙara ɗaure masa kai. Shi bai ce a rufe komai ba. Ya je wurin Innar Auta ya zayyana mata komai, ta saurara, ta ce ita ma ba ta gane ba, amma ya daina zuwa taro da hoton fasfo.

A ofishin hukumar aka shimfiɗa ƙyallayen a kan dogon tebur, kuma Baba Sitaci ne ya jera su, don shi kaɗai ya san zaren. Na jikin katanga baƙi ƙirin kamar an goge gindin tukunya. Daga nan suna ta haske kaɗan-kaɗan, layi bayan layi, har zuwa na igiyar Auta, wanda ya fito fari tas. Babban jami'in ya zagaya teburin sau biyu. Manajan kamfanin, wani mai fara'a da tattausan hannu, ya ce wataƙila hayaƙin girki ne. Nan Baba Sitaci ya manta a inda yake. Ya lakato baƙin da yatsa ya murza a gaban hancin manajan, ya ce hayaƙin girki ba ya maiƙo haka, ba ya warin ƙarfe, kuma ruwan sanyi ma yana fitar da shi, wannan kuwa sai ruwan zafi da sabulu sau biyu. Malama ta ɗauko takardarta ta fara bayanin wata matata da ake sa wa bututu ta kama dattin tun kafin ya fita. Manajan ya daina fara'a. Jami'in ya dubi agogo, ya katse ta, ya ce bari a ji daga bakin dattijo, tunda shi abin ya fi shafa.

"Baba, kai me kake so a yi?"

Ba a taɓa yi masa irin wannan tambaya a ofis ba. Ya nemi maganar matatar a kansa ya rasa. Abin da ya sani shi ya faɗa.

"Ranka ya daɗe, bututun ne gajere. Ni dai a ɗaga shi, hayaƙin ya wuce ta saman igiyata."

Fara'ar manaja ta dawo nan take. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, dattijo ya yi magana ta hankali. Jami'in ya rubuta, ya ce to an daidaita. Malama ta yi ta cewa ba haka ba ne, a dakata, amma an riga an fara musabaha. A hanyar dawowa ba ta yi magana ba sai sau ɗaya, ta ce hayaƙi in ya hau sai ya sauka. Baba Sitaci ya ɗauka gajiya ce. Shi dai ya san ya yi magana a gaban manya an rubuta.

Wata huɗu aka yi ana aikin. Bututun ya tashi ya ninka tsawonsa har sau uku, aka yi masa fenti ja da fari. Unguwa ta yi murna, masu fushi suka dawo da gaisuwa da kayan wankinsu, tunda ba a rufe komai ba. Baba Sitaci bai yi gaggawa ba. Ya shanya farin zanen gado ya bar shi kwana uku a igiya, abin da bai taɓa yi ba. A rana ta uku ya sauke, ya duba gaba da baya, ya shinshina. Fes. Ya tsaya a tsakar gida rungume da zanen, hawaye suka zubo masa, bai ma share ba. Ashe gaskiyar likita ce, ashe gaskiyar Malama ce, an canja muhalli ba a ɗaga ko bokiti ba. Ya share ɗaki, ya wanke labule, ya gyara mata kujerarta ta ninki. Washegari da safe ya saka rigar nan mai tsayuwa ya haye tudu ɗauko matarsa.

Auta ta haihu wata biyu kafin nan, namiji. Ya tarar da jakar Innar Auta a bakin ƙofa an ɗaure, don ya aiko tun jiya. Aka gaisa, aka kawo masa ruwa. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida yana ba su labarin zanen kwana uku, yana ƙara gishiri, sai ya lura ba a gyara masa. Innar Auta tana riƙe da jaririn a kafaɗa tana bubbuga bayansa, idonta a ƙasa. Yaron ya yi wani ɗan tari, ƙarami, busasshe. Baba Sitaci ya san wannan tari.

Auta ta ce ba komai, mura ce, kwana goma ke nan. Ta tashi ta nufi igiya tana mita cewa ita wankin nan ya ishe ta, tun safe ta shanya kayan yaro ga shi sun sake yin datti, ko sabulun ne ba shi da kyau. Baba Sitaci ya miƙe ya bi ta. Fararen ƙyallayen jariri ne guda shida a jere, a kan igiyar da ya taɓa rataye ƙyallen da ya fito fari tas. Ya kai yatsa ya murza ɗigo ɗaya. Ya ja layi.

Ya ɗaga kai. Daga kan tudun ana hango komai. Ga bututun can ja da fari, hayaƙin ya tashi ya bi ta saman unguwarsu, ya wuce ta saman igiyarsa kamar yadda ya roƙa, ya ƙetare titin jirgi, sannan ya sunkuyo a hankali ya kwanta a kan rufin gidajen tudu. Ya tsaya yana kallo, kansa ya ɗaure tamau. Ya nemi wanda zai ji wa haushi, ya ga manaja, ya ga jami'i, ya ga wani tsoho mai riga tsaye yana cewa ranka ya daɗe. Sun ci nasara ne ko an ci su? An ce masa muhalli ba ɗaki ba ne, ya ce to. Bai taɓa tambayar inda katangar muhallin ta tsaya ba.

Innar Auta ta zo ta tsaya a bayansa da yaron. Ita ta riga shi ganewa, tun ranar da ƙirjinta ya fara yi mata nauyi kuma.

"Malam, ka mayar da jakar ciki," ta ce a hankali. "In koma gida in sha iska, in bar wannan a nan?"

Auta ta fara sauke ƙyallayen tana jefawa a baho, ta kai hannu za ta buɗe famfo. Baba Sitaci ya riƙe mata hannu. Ya sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya ninke su da dattin a ciki, a hankali, don kada ko ɗigo ya kakkaɓe. Ya zaro zare daga bakin aljihunsa ya ƙulla a gefen na sama.

"Baba, ba su fita ba fa, bari in sake..."

"Kar ki wanke," ya ce.